Masu Kala a Bangon Sabangali

A unguwar Sabangali ta birnin Njamena, kusa da gaɓar kogin Shari, akwai wani dattijo Bahaushe da ya ƙare ƙuruciyarsa a sana'ar ɗaukar hoto. Ya koye ta tun birnin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973. Yau wayar hannu ta kwashe masa ciniki, ɗakin wanke hoto ya koma ma'ajiyar tarkace. Abu ɗaya ne bai taɓa sauka daga bangon shagon ba, wato hoton wani zane da ya yanko daga tsohuwar kalanda.

Zanen na Jean-François Millet ne, mutumin Faransa, wanda ya yi shi a 1857, yanzu kuma yana gidan adana zane na Orsay a Paris. Mata uku ne a gona bayan girbin alkama, biyu sun duƙa, ta ukun ta ɗan ɗago, suna tsintar zangarniyar da masu girbi suka bari. Can nesa ga amfanin gona tsibi-tsibi, ga wani bisa doki yana sa ido. Dattijon bai taɓa kiran zanen da sunansa na Faransanci ba. Masu kala yake ce musu, domin da kalar gero mahaifiyarsa ta ciyar da su a shekarun yunwa. A 1980, da yaƙi ya kori mutanen birnin zuwa Kusuri, ya ƙetare kogi da kyamararsa da wannan takarda naɗe cikin riga.

Ma'auninsa na hoto ɗaya ne: in uwar mutum ta gani, ta gane ɗanta. Saboda haka ranar da jikarsa mai koyon zane ta kawo masa aikinta, launuka ja da ruwan ƙasa sun hau juna ba fuska ba hannu, sai ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Amarya, wannan zane ne ko fenti ne ya zube?"

Ta ce, "Kaka, ai ku kuka jawo. Tun da aka bayyana hanyar ɗaukar hoto ta Daguerre a 1839, kyamara ta fara ƙwace aikin kamanta fuska. Dole mai zane ya nemi abin da kyamara ba ta gani."

Bai yarda ba. Ya ce masu hoton farko sai mutum ya zauna cik, ba motsi, kafin siffarsa ta kama. Millet kuwa sai da ya san ciwon bayan mai duƙawa kafin ya zana shi. Tsoronsa shi ne kada yarinyar ta fake da zamani don gudun wahalar koyo. Ita kuma tana gudun ya rasu bai ɗauki aikinta da daraja ba.

Wata safiya ta kai shi gidan tarihi na ƙasa, ta tsayar da shi gaban kawunan yumɓu na mutanen Sao, waɗanda suka zauna a wannan yanki ƙarnuka kafin zuwan Turawa. Idanu sun bubbulo, leɓuna sun yi tsini, ba wanda ya yi kama da wani ɗan Adam. Ta gaya masa cewa a 1907 Picasso ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka a gidan tarihi na Trocadéro, abin ya sauya masa hannu. Dattijon ya daɗe yana kallon wani kai guda, sannan ya ce a hankali, "Bai yi kama da kowa ba, amma na san irin wannan kallo. Na gan shi cikin kwalekwale."

Da suka koma gida ya shimfiɗa mata sharaɗi: ta zana hannunsa na dama yadda yake, da jijiyoyi da tabon da ruwan wanke hoto ya bari. Sau huɗu tana yi yana mayar mata. A na biyar ya yi shiru, ya ɗauko ƙusa ya rataye zanenta na ja da ruwan ƙasa kusa da masu kala, ya kuma miƙa mata akwatin tsofaffin hotunansa. Har yau in baƙo ya shigo shagon, yakan nuna masa zanen ya ce na amaryarsa ne, sannan ya tambaye shi ko a ganinsa ba a kife aka rataye shi ba.