Katin da ya riƙe fuskar Kaka



A gidanmu da ke Aboabo, cikin Kumasi, akwai wata adaka ta ƙarfe da Kaka ba ta yarda kowa ya buɗe sai tana zaune a wurin. Abin da ke cikinta tsofaffin hotuna ne baƙi da fari. Akwai na mijinta, kakanmu, sanye da babbar riga a gaban huhunan goro. Akwai na ƙawayenta ranar ɗaurin aurenta. Akwai kuma na dangin da suka bar Gana a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, waɗanda har yau ba su dawo ba.

A Babbar Sallar da ta zama ta ƙarshe gare ta, Kaka ta sa aka fito da adakar tsakar gida. Muka sayo sabon katin ajiya mai giga 8, muka sa a kyamara, muna ɗaukar hoton kowane hoto, ita kuma tana faɗin sunaye: wane ɗan wane, wanda mahaifinsa ya zo daga Kano ta Salaga, wance da aka kai aure Tamale. Mun saurara, mun yi dariya, amma ba wanda ya ɗauki alƙalami. Daga nan muka ɗauke ta ita ma, jikoki kewaye da ita, tana ƙoƙarin rufe baki da mayafi.

Wata biyu bayan haka Allah Ya karɓi abinSa. Kafin mu gama karɓar gaisuwa, ruwan ƙarshen damina ya shigo ɗakinta ya kwana a ƙarƙashin gado. Da muka buɗe adakar, hotunan sun manne da juna, in an ɓamɓare ɗaya sai fuska ta biyo bayan ɗan'uwansa. Muka ba kanmu haƙuri da cewa ai suna cikin kati. Ba wanda ya tuna cewa ba mu taɓa kwafe katin a kwamfuta ba, kuma bidiyon wani biki ya riga ya cika shi.

Ranar sunan ɗiyar yayarmu, ƙaninmu ya ɗauki kyamarar, ta ce masa kati ya cika. Ya shiga neman wuri, ya danna fomatin, kyamarar ta yi masa tambaya da Turanci, ya amsa mata cikin gaggawa. Ya ɗauki hotuna kamar talatin kafin Gwaggo ta ce a nuna mata hoton Kaka. Aka duba gaba, aka duba baya, babu komai sai rago da mai jego. Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi kawai, "Ɗana, ajiye ta haka nan, kada ka ƙara taɓa komai." Bai san aikin kyamara ba, amma wannan maganar ce ta cece mu.

Washegari muka tafi Adum wurin wani ɗan zango mai gyaran kwamfuta. Tambayarsa ta farko ita ce, "Baba, bayan gogewar, kun ƙara ɗaukar wasu?" Da muka ce talatin, ya girgiza kai, sannan ya yi mana bayani da misalin da duk ɗan zango zai gane.

Ya ce mu tuna da masu gida na zamanin fataucin goro, waɗanda ke sauke fatake a gidajensu. A ce mai gida yana da littafi inda yake rubuta sunan kowane baƙo da ɗakin da aka ba shi. Katin ajiya haka yake: akwai ɗakuna masu ɗimbin yawa inda hotuna ke kwance, akwai kuma ɗan littafi a farkonsa mai nuna wane hoto ke wane ɗaki. Idan aka goge hoto, kyamara ba ta shiga ɗakin ta fitar da shi. Sunansa take sokewa a littafi, ta rubuta cewa ɗakin ba kowa. Fomatin na gaggawa, irin wanda yawancin kyamarori ke yi, sabon littafi ne fari fat ake kawowa a madadin tsohon. Baƙi suna nan kwance cikin ɗakunansu har ranar da aka sauke sabon baƙo a kansu. Wanda aka sauke wani a kansa kuwa ya tafi ke nan, ba malamin kwamfutar da zai dawo da shi.

Ya zame ɗan makullin da ke gefen katin zuwa ƙasa don kada a rubuta komai a kansa, ya sa shi a na'urar karanta kati, ya fara kwafe shi gaba ɗaya a kwamfutarsa, domin ya yi aiki a kan kwafin ya bar asalin. Sannan ya buɗe wata manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya rubuta. Ita wannan manhaja ba ruwanta da littafin mai gida. Ɗaki-ɗaki take bi tana leƙawa. Kowane hoto irin na JPEG yana farawa da alama guda, FF D8, ya ƙare da FF D9, don haka duk inda ta ga alamar farko ta san akwai mai barci a nan, sai ta tashe shi. Ya kuma gargaɗe mu cewa ba a ajiye abin da aka ceto a kan katin da ake ceto daga gare shi, domin yin haka sauke baƙo ne a kan baƙo.

Muka zauna a benci har aka kira la'asar. Hotuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Da fuskar Kaka ta bayyana, mayafi a baki, Baba ya juya kai wajen titi, ya daɗe bai juyo ba.

Mafi yawansu sun dawo lafiya. Kaɗan sun dawo rabi, sama hoto, ƙasa toka-toka. Waɗanda suka salwanta kuwa na farko-farko ne, domin bayan fomatin kyamara daga ɗakunan farko take fara sauke baƙi, kuma abin da muka fara ɗauka a sabon katin shi ne abin da ke saman adaka. Hoton kakanmu a gaban huhunan goro yana cikinsu. A gurbinsa akwai ragon suna ta fuska uku. Ƙaninmu ya yi kuka, Baba ya ce masa laifin na gida ne duka, tun da wata huɗu katin ya yi a aljihun kyamara ba wanda ya kwafe.

Abin da ba mu zata ba shi ne yadda hotunan suka dawo. Babu suna, babu jeri, sai harafi ɗaya da dogayen lambobi, tun da sunayen a littafin da aka sauya suke. Ranar ɗauka da sa'a suna nan a cikin kowane hoto, da su muka sake jera su. Amma fuskokin tsofaffin hotunan fa? Na'ura ta maido mana da mutum sanye da rawani, ba ta san ko shi wane ne ba. Wadda ta sani tana maƙabarta.

Muka ɗauki kwamfuta zuwa ɗakin Gwaggo dare uku a jere. Takan matso da fuska, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan ai Kawu ne, ƙanin Inna, wanda ya tafi da motar farko." Wannan karon da littafi da alƙalami muka je. Ta gane da yawa, wasu kuma muka aika wa dangi a Tamale da Kano ta waya, amsoshi suka zo cikin saƙon murya. Fuskoki huɗu sun rage, maza uku da wata mata mai goyo, ba wanda ya san su. Ranar Sallar nan Kaka ta faɗi sunayensu a gabanmu, mu kuwa muna ta gyara hasken kyamara.

Mu mutanen zango tarihinmu bai cika shiga littattafan makaranta ba. Yana cikin adaka, yana cikin kati, yana kan harshen tsofaffi, kuma a cikin ukun nan kati ne kaɗai ake iya kaiwa Adum. Saboda haka ga abin da muka koya, ko zai amfani wani. In an goge hoto bisa kuskure, a kashe kyamara nan take, a zare katin, a kulle shi, kada a ƙara ɗaukar ko guda. In kwamfuta ta nemi a yi wa katin fomatin, kada a yarda. A kai wa amintacce, domin zai iya ganin duk abin da aka taɓa ɗauka muddin ba a sauke wani a kansa ba, har da hotunan matan gida da aka goge da gangan, kuma saboda wannan dalili bai kamata a sayar ko a kyautar da tsohon kati ba tare da tunani ba. Tun kafin wannan duka, a kwafe hotuna a wuri biyu. Wanda kuma yake da tsoho a gida, ya kai masa hotunan yau da alƙalami a hannu.

Mun wanke na Kaka a takarda, mun rubuta sunaye a bayansu da boko da ajami, mun raba wa gidaje uku. Huɗun nan ma mun wanke su, mun bar bayansu fari, ko Allah zai kawo wanda ya san su.

Allah Ya jiƙan Kaka da dukkan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan. Amin.