Ƙurajen Ƙafa Da Darasin Da Suka Koya Wa Ɗakinmu

Mu biyar ne 'yan Ƙaramar Hukumar Makoda a ɗakin kwananmu, kuma dukkanmu 'ya'yan manoma ne. Hutun Disamba a wurinmu ba hutu ba ne. Da mu ake sussukar gero da dawa, da mu ake ɗaukar karmami da harawar wake, ga iskar hunturu tana kaɗawa dare da rana. Kafin mu komo makaranta a watan Janairu, ƙafar kowa ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata toka. Mun ga ya kamata mu rubuta abin da ya same mu a wani zango irin wannan, domin laifinmu ne, kuma ba mu so na bayanmu su maimaita.

Akwai wani ƙaninmu ɗan aji ɗaya, daga wani ƙauye kusa da Koguna. Ran nan a filin ƙwallo, yana sanye da gajeren wando, sai wani daga cikinmu ya hangi ƙananan ƙuraje birjik a cinyoyinsa, kamar fatar kazar da aka fige. Nan take ya ce, "Kai, ƙazwa ce!" Ba mu tambayi kowa ba. A daren muka janye gadonsa zuwa bakin ƙofa, muka ware masa bokiti, muka daina sa hannu a kwano ɗaya da shi. Yaron ya ce mana, "Yaya, ko ƙaiƙayi ba sa yi mini." Ba wanda ya saurare shi.

Kunya ta sa ya shiga neman magani shi kaɗai. Yakan ɓuya bayan banɗaki ya dirje ƙafafunsa da dutsen goge kaushi da sabulun wanki, ya shafa toka. Cikin mako biyu fatar ta ɗaye, wuri ɗaya ya kumbura ya tara mugunya, har ya fara ɗingishi. Da malamin wasanni ya lura, sai ya kai shi ɗakin shan magani, aka kuma aiko a kira mu duka.

Sista ta wanke ciwon, ta ɗaure, sannan ta juyo gare mu ta ce, "'Ya'yana, wa ya gaya muku ƙazwa ce?" Muka yi tsit. Ta bayyana mana cewa irin waɗannan ƙuraje ba cuta ce mai yaɗuwa ba. A fatar mutum akwai wani sinadari mai suna keratin, wanda da shi aka yi gashi da farce. A jikin wasu mutane yakan taru ya toshe ramin gashi, sai wurin ya ɗan taso. An fi ganin su a cinya da damtse, sukan bi jinin gida, sukan ƙaru lokacin da fata ta bushe, kuma sau da yawa suna raguwa idan mutum ya girma. Wato abin da ya kusa zama wa yaron nan gyambo ba ƙurajen ba ne, dirzar ce, kuma mu muka tura shi ga dirzar.

Daga nan ta ce kowa ya miƙo hannuwansa. Ashe ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya fara kiran sunan ƙazwa, shi ne mai ita a tsakanin yatsunsa da wuyan hannunsa. Ya yi makonni yana susa cikin dare yana rufewa, mu biyu kuma da muke aron bargonsa mun riga mun ɗauka. Mun kori marar cuta, mun rungumi mai ita.

Ga abin da muka koya a ranar da kuma bayanta. Ƙazwa wata 'yar mitsitsiyar ƙwaro ce ke kawo ta, wadda da ƙyar ido ke ganinta. Macen takan haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma wanda bai taɓa yi ba yakan kai mako 4 zuwa 6 kafin ya fara jin komai, alhali yana iya shafa wa wasu. Ba cutar ƙazamai kaɗai ba ce. Cunkoso da haɗa shimfiɗa ke yaɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci fiye da mutum miliyan 200 na fama da ita, kuma a shekarar 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Man kaɗanya ba ya kashe ta. Sai maganin shafawa na asibiti, irin su benzil benzowet, kuma dole duk 'yan ɗaki su shafa rana ɗaya. Haka aka yi mana. Muka wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi, muka shanya katifu a rana, abin da ba ya wankuwa muka ɗaure a leda har mako guda, domin ƙwaron ba ya wuce 'yan kwanaki idan ya rabu da jikin mutum.

Ban da waɗannan biyu, akwai sauran ƙurajen da muka sani a gida. Akwai na ƙaiƙayin gero lokacin sussuka, waɗanda wanka da canza tufafi ke kwantar da su. Akwai ƙurajen zufa na watannin Maris da Afrilu, masu son iska da sutura marar nauyi. Akwai cizon sauro da kuɗin cizo da ƙuma, waɗanda maganinsu gidan sauro da share ɗaki da shanya shimfiɗa. Akwai kuma masu farin kai a gindin gashi, da kan biyo bayan aski da tsohuwar reza ko matsattsen wando. A riƙa gasa su da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, kada a matse.

Wani iri kuwa ba na wasa ba ne. Idan mutum ya shiga kududdufi ko ruwan dam, ya fito ƙafafunsa na ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje, mai yiwuwa tsutsar tsargiya ce, wadda ke fitowa daga dodon koɗi, ta huda fatarsa. Ƙurajen za su baje, amma bayan makonni ko watanni sai a ga jini a fitsari. Wannan sai asibiti, kuma akwai ƙwayar maganinta. Iyayenmu sukan ba mu labarin kurkunu, wanda shi ma da ɗan ƙurji a ƙafa yake bayyana, ya kwantar da manomi tsakiyar damina. An ga na ƙarshe a Nijeriya a 2008, kuma a 2013 aka tabbatar ƙasar ta rabu da shi. Tace ruwan sha da saurin kai rahoto ne suka kore shi, ba ɓoyewa ba.

To, 'yan'uwa ɗalibai, kulawar gida ba ta da wuya. A yi wanka da sabulu marar kaifi, ba na wanki ba, da ruwan da bai cika zafi ba. A shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki bai gama bushewa ba, safe da yamma, musamman da hunturu. A yanke farce, domin susa ce ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma ƙurjin da ya ruɓe yana iya taɓa ƙodar yaro. Kada a haɗa soso, tawul ko reza da kowa. Kada a shafa toka, kananzir ko baƙin mai. A guji man haɗi da man bilicin na kasuwa, domin da yawansu suna da sinadarin da ke lafar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma ya sirantar da fata ya ƙara wa cuta ƙarfi. Idan kuwa aka ga mugunya, kumburi mai zafi, zazzaɓi, ƙaiƙayin da ke hana barci, ko ƙurajen suka wuce mako biyu suna ƙaruwa, ko wani a ɗaki ya fara irinsu, a tafi ɗakin shan magani a ranar.

Da yammacin ranar da aka kira mu, mu da kanmu muka mayar da gadon ƙaninmu wurinsa, muka ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Yaya." Ƙurajensa sun lafa da shigowar damina, amma tabon dirzar nan yana cinyarsa har yau. Duk lokacin da muka gan shi a filin ƙwallo, mukan tuna cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ga ƙannenmu da za su gaji gadajenmu: in kun ga ƙurji a ƙafar ɗan'uwanku, ku raka shi wurin Sista, ku kuma miƙa mata hannuwanku ta duba.