Rana Ta Kowa Ce, Kwano Na Alhaji

Wai shin me doka ta ce game da wanda ke son ɗora farantin sola a saman ɗakinsa? Tambayar da na yi ta yawo da ita ke nan tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ɗan janaretana ya fi ƙarfin aljihuna. Ni ɗan haya ne a Kano, ciki da falo, kuma da daddare nake rubutu. In babu wuta, babu babi na gaba.

Ta wajen gwamnati dai abin bai da wuya. Dokar lantarki ta 2023, wadda ta maye gurbin ta 2005, ta ce mai samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 a wuri guda ba, babu ruwansa da lasisi. Wat miliyan ɗaya fa ke nan! Ni ko faranti biyu nake nema masu wat 300, su riƙe min fanka da ƙwai uku da kwamfuta.

Izinin yana hannun mai gidanmu. Da na je masa da maganar, sai da ya gama jan carbinsa sannan ya ce, "Malam, ban hana ka rana ba, ta Allah ce. Amma ƙusa ɗaya ba za ta shiga kwanon nan ba."

Na so in ji haushi, amma dattijon yana da hujja. A wani gidan nasa an taɓa kawo yaro ya huda kwano ya ɗaura faranti. Damina na sauka yoyo ya ruɓar da silin, ɗan hayar ya tashi da kayansa ya bar masa ramuka. Kuma mai karatu, mu faɗa wa juna gaskiya, wa ke tantance masu haɗa mana solar nan? Akwai hukumar NEMSA, wadda dokarta ta fito a 2015, aikinta duba haɗin wuta da ba masu sana'ar takardar shaida. To amma ni ban taɓa ganin mai saye ya ce a nuna masa takardar ba. Yaro ya yi wata biyu yana riƙe wa ubangidansa tsani, gobe ka ji ana ce masa injiniya. Ya sa siririyar waya don ya ci riba, babu fis, batir kuma a gefen gadon yara. Alhali wutar faranti irin ta batir ce, hanya ɗaya take bi, in ta fara tartsatsi a mahaɗa ba ta saurin mutuwa. Nan ne nake ganin doka ta fi amfani, ba wajen tara wa talaka takardu ba.

A Jamus sun taɓo ɗaya gefen. A 2024 suka sauƙaƙa wa masu rataya ƙaramin faranti a baranda: na'urar juya wutar kada ta wuce wat 800, ka yi rajista a intanet, shi ke nan. A shekarar dai suka gyara dokar haya, mai gida ba zai hana ɗan haya ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Mu kam sai lallami.

Duhun da ya rufe Arewa a watan Oktoban 2024, aka yi kwana da kwanaki babu wuta, shi ya sassauto da Alhaji, don shi ma sai da ya riƙa aika jikansa shagon caji. Muka rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: ba huda kwano, mai walda zai yi ƙafar ƙarfe a tsakar gida, ranar da zan tashi in kwashe abina.

Yanzu saura maƙwabcinmu na gabas, wanda ya fara ɗora bene. Tun kafin a zuba dakin, rana ba ta leƙo farantina sai wajen ƙarfe goma.