Guri: Inda kyamara ke tsere da fiffike

Duk darakta ko furodusan da ke kukan cewa lokeshan ya ƙare a ƙasar Hausa, to bai taɓa zuwa Guri ba. Garin yana gabas da Haɗeja a Jihar Jigawa, dab da iyakar Yobe, a tsakiyar fadamar nan ta Haɗeja zuwa Nguru, inda kogin Haɗeja ke rarrabuwa ya bazu cikin gonakin shinkafa da tafkuna. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu wurin cika yake da baƙi masu fiffike, waɗanda ke gudo wa sanyin Turai su ƙetaro Sahara. Su zo su tarar da 'yan gida: kirinjijiya, ɗinya, zalɓe da balbela. Har da wasu farare masu siririn fiffike, dangin tsuntsayen bakin teku, da ke shawagi a kan ruwa suna suran ƙananan kifaye da ƙwari.

Su ne su ka kai ni, domin ɗaukar hoton su a sama ya fi ɗaukar jaruma tana rawa wuya. Ita jaruma ka ce "kot!" a sake. Tsuntsu kuwa ba ruwan sa da umarnin darakta.

Mai karatu, bari in yi maka bayani da yaren 'yan fim. Kyamarar bidiyo tana ɗaukar hoto 25 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma galibi ƙofar hasken ta, wato shota, tana buɗewa ne na 1/50 na daƙiƙa. Shi ya sa in ka tsayar da fim daidai lokacin da ake gudu sai ka ga hoton ya yi dishi-dishi. Tsuntsu mai tashi yana buƙatar 1/1000 aƙalla, waɗannan farare masu kaɗa fiffike da sauri kuwa sai 1/2000. Da ka ƙara saurin shota haske zai ragu, don haka sai ka ɗaga ISO zuwa 800 ko sama. Gara hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da wanda ba a gane kan tsuntsu da jelar sa.

Sai fokas. A sa shi a kan wanda ke bin abu yana motsi, a saita idon tsuntsun, a riƙa juya jiki daga ƙugu ana bin sa, ana danna ɗauka a jere. Rana ta kasance a bayan ka. Iska ma haka, domin tsuntsu iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka, ka ga ke nan kai zai nufo. Wannan masuntan Guri sun riga mu sani, ba su kuma shiga kwalejin kowa ba.

Abu biyu ke ɓata aiki a nan. Hazon hunturu yana cinye kaifin hoto in tsuntsun ya yi nisa, komai tsadar gilashin ka. Sannan kwalekwale. Wallahi ko numfashin mai tuƙi ya isa ya girgiza maka hoto! Na fi samun na kirki da na sauka na tsaya a tudu da sanyin safiya.

Sai dai wurin yana cikin matsala. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza, ciyawar kacala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu yi wa shinkafa ɓarna. Inda kacala ta rufe, tsuntsun da ke son buɗaɗɗen ruwa ba ya sauka.

Duniya kam ta san darajar yankin. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, an kuma sa dausayin Baturiya, maƙwabcin Guri, cikin jerin Ramsar a 2008. Mu ne dai har yanzu mu ke kai waƙoƙin mu lambun otal ana zagaya fulawa. In wani darakta ya yi niyya, ya zo kafin ƙarshen Fabrairu, ya taho da takalmin roba, ya kuma fara gaida mai gari kafin ya buɗe jakar kyamara.