Kwalin bakin ƙofa da Dauda mai haƙar kwal

A unguwannin Amurka ba abin da ido ya saba da shi kamar kwali a ajiye a bakin ƙofa. Ɗan gidan waya ya sauke ya yi gaba abinsa, mai gida ya dawo ya ɗauka, ba wanda zai tsaya tambayar yaushe aka fara haka.

Kafin 1913 gidan wayar ƙasar ba ya karɓar kayan da ya haura kusan kilo 2. In ya fi haka, sai dai a kai wa kamfanonin dako irin su Adams da Wells Fargo, su yanka kuɗin da suka ga dama. A karkara kayan ma iyakarsa tashar jirgin ƙasa. Manomin ƙauye shi zai ɗaura wa doki keke ya je ya ɗauko.

Cikin waɗanda suka kafe sai an sauya wannan akwai David J. Lewis, wato Dauda, ɗan majalisar wakilai daga jihar Maryland. Yana shekara 9 ya shiga ramin haƙar kwal a Pennsylvania. Yana haƙar yana karatun shari'a, har ya zama lauya a 1892, ya shiga majalisa a 1911. Wanda ya ci abinci da gumi irin wannan, ba a yi masa wasa da lissafin kuɗin dako. Ya bi farashin kamfanonin dalla-dalla, ya nuna cewa gidan waya zai yi aikin da rahusa.

Ranar 1 ga Janairun 1913 gidan waya ya fara ɗaukar irin wannan kaya, iyakar nauyi kilo 5, daga baya aka ɗaga zuwa kusan kilo 23. Sai jama'a suka ga banza ta faɗi. Aka aika ƙwai, aka aika man shanu. A Vernal ta jihar Utah, bulon ginin banki guda ta gidan waya ya iso. A 1914 wasu iyaye a Idaho suka manna kan sarki na senti 53 a rigar 'yarsu, ta bi jirgin wasiƙu zuwa gidan kakanninta, don ya fi tikiti araha. Wannan kam wayo ne da ya wuce gona da iri.

Lewis ya bar majalisa a 1917, ya dawo a 1931, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya wa dokar fanshon tsofaffi ta 1935. Sau da dama ya nemi kujerar sanata, bai taɓa samu ba. Ya rasu a Cumberland a 1952.