Rakiyar Ɗan Wasa Zuwa Zinyau

Alƙawari mun yi shi a kan bayan sallar asuba, amma ba mu hau titin Zariya ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Abokin tafiyata sai da ya sauke yara a makaranta, ya biya wurin mai awo ya bar sallahun abin da za a kai gida, sannan ya tsaya a ɗan shagonsa na kayan waya ya danƙa wa yaron shago makulli. Gidansa na cikin sabbin unguwannin da suka tsiro a bayan Na'ibawa, inda mai ƙaramin ƙarfi kan sayi fili ya yi ta ɗora bulo shekara da shekaru.

Ɗan wasan Hausa ne, ya doshi shekara 50. Ya shiga harkar tun zamanin kaset, lokacin da fim ɗin Sangaya ke tashe, ya daɗe yana fitowa a abokin saurayi. Yanzu furfura ta ci gemu, daraktoci sun mayar da shi uba, ko kawu, ko mai unguwa, yaran lokeshan kuwa Baba suke ce masa. Ran nan an kira shi Zinyau, a ƙasar Rano, zai fito a uban yarinyar da ake neman aurenta, cikin wani shiri mai dogon zango da ake sakawa a YouTube. Ni kuma na bi shi don in ga yadda magidanci ke cin abinci da wannan sana'a.

Muka haye gadar Tamburawa, muka isa Karfi, garin da matafiya suka sani da masara a bakin titi. Nan muka bar hanyar Zariya muka miƙi ta Bunkure. Hagu da dama shinkafa ce, wata an yanke, wata tana jiran lauje. Ruwan wannan yanki daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ya sa manoman Kura da Bunkure da Garun Malam ba sa ajiye fartanya rani da damina. Abokina ya nuna kudu da haɓa, ya ce Tiga ta sha ganin 'yan fim. A can aka ɗauki waƙoƙin fina-finai da dama, kuma a Kofa, cikin ƙasar Bebeji, aka so gina wa 'yan fim dandali a 2016, malamai da jama'a suka ƙi, gwamnatin tarayya ta janye.

"Da an gina, da yau ba ma yawon aron gidajen mutane," in ji shi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Amma fa ban ga laifin mai tsoro ba. Ni ma ina da 'ya'ya mata."

Tun daga nan hirar ta koma gida. Babbar 'yarsa an kawo kuɗin gaisuwa, an sa rana bayan babbar salla. Gado da katifa da kujeru da kayan kicin duk suna wuyansa. Ya ce lokacin da dangin yaron suka zo bincike a unguwa, abin da suka fara tambayar maƙwabta shi ne ko gaskiya ne uban ɗan fim ne. Limamin masallacinsu ne ya ba da shaida, ya ce sahun gaba ba ya wuce shi. Tun daga lokacin ya ƙara tsantseni wajen zaɓen aiki. Ya daina karɓar fitowar tsohon banza mai bin 'yan mata, ko da kuɗin ya fi tsoka, domin ƙaramin ɗansa ya taɓa dawowa daga Islamiyya da kuka, yara sun yi ta kiran sa da sunan wani mugun attajiri da uban ya fito a matsayinsa.

Rano ta tarbe mu da duwatsunta. Tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma sarkinsa ake wa laƙabi da Autan Bawo. A labarin rabon aiki tsakanin 'ya'yan Bawo, Kano da Rano ne sarakunan baba, wato masu rini da saƙa. An ɗaga darajar masarautar a 2019, aka rushe ta a 2024, sannan a shekarar aka dawo da ita a daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya. Ba mu daɗe ba. Muka sha fura a bakin tasha, muka jira motar da ta ɗauko kyamara da janareto, sannan muka rankaya.

Zinyau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Rano, ƙasar noma. Lokacin kaka ne, an kwantar da karan dawa a gonaki, mata na sussuka, ƙaiƙayi na tashi. Darakta, wani matashi da bai girmi ɗan abokina na fari da yawa ba, ya ce da gangan suke zuwa karkara a wannan tsakanin. Ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko ba, rumbuna sun cika, hoto yakan fito fes. Abin da suke nema shi ne zaure da katangar ƙasa da rumbu da turmi, waɗanda suka yi wuya a cikin birni.

Kafin a kafa kyamara sai da aka je gaisuwa wurin masu gari, kuma abokina aka sa gaba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙinka ne daga Kano, mun zo neman izini." Ya bayyana labarin da za a ɗauka, ya tabbatar babu rawa babu waƙa, kuma za a tsaya in an kira salla. A nan na fahimci wani amfanin furfurarsa. Samarin da ke riƙe da kuɗi da na'ura ba za su iya buɗe wannan ƙofa su kaɗai ba.

Aka ara mana wani gida mai faɗin tsakar gida. Abokina ya sa tsohuwar riga da hula haɓar kada, ya zauna a kan buzu. Babu rubutacciyar magana a hannunsa. Darakta ya faɗa masa gundarin fitowar: wakilan saurayi sun zo, kai kuma ba ka da abin yi wa yarinya kayan ɗaki, kana jan lokaci ba ka son a gane. Da aka ce a fara, sai ya shiga kwana-kwana irin ta dattijon da kunya ta kama, yana yabon asalin yaro, yana kawo zancen damina, yana cewa a bari a ga abin da gona za ta yi. Dattawan garin da suka jeru a gindin katanga suna kallo suka yi ta gyaɗa kai. Ɗaya ya ce da na kusa da shi, "Wannan ya aurar da 'ya." Sau biyu aka tsaya saboda wayarsa. Na farko uwargida ce, gas ya ƙare. Na biyu kafinta ne yana neman cikon kuɗin gado.

Da aka tashi cin abinci, shinkafa da wake da mai da yaji, na tambaye shi yadda ake sallamar su. Ya ce babu albashi, babu fansho, fitowa ake lissafawa, kuma ciniki ne tsakaninka da furodusa. A da, kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai da Bata ce ke riƙe da kowa. Satar fasaha da tura fim a waya suka kashe ta. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta buɗe wata ƙofa da Daɗin Kowa, sannan daga wajen 2020 shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina suka jawo kowa zuwa dogon zango. Alherin wannan ga irinsa shi ne labari mai tsawo ba ya yiwuwa sai da iyaye, don haka aiki ba ya yankewa. Illarsa kuma kuɗin na hannun mai tashar. Ya tuna mini ƙurar da ta tashi a 2022, da Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa ɗan abin da ake ba ta a fitowa, wasu furodusoshi suka musa. Ya ce ko wane ne mai gaskiya, maganar ta sa sa'o'insa da yawa sun koma sun yi lissafi. Shi a shekarar ya kama shago.

"To me ya hana ka bari gaba ɗaya, ka zauna a shagon?" na ce.

Ya yi dariya. "Malam, rabin masu sayen caja a wurina fuskar suka zo gani. In na bar fim shago ya mutu, in na bar shago gida ya kwana da yunwa. Kuma ko ba haka ba, ina son abin nan. Ka ga yadda tsofaffin nan suka yi ɗazu? Wannan ba a saye."

Sauran ma'aikatan za su kwana a Rano, gobe su wuce wajen Kibiya su ƙarasa. Shi ya roƙi a tattara fitowarsa duka a gama kafin magariba, domin ya yi wa kansa doka tun da yara suka fara girma: in dai cikin jihar Kano ne, a gida zai kwana. Darakta ya ce, "Baba, saura ɗaya, haske na tafiya." Aka yi ta a guje, aka gama ana kiran salla.

Furodusa ya tura masa kuɗinsa ta waya muna cikin mota. Ya duba, ya cire na mai, wanda tun cire tallafi a 2023 yake cin kaso mai yawa, ya tura wa kafinta rabi, ya ce sauran na gas da cefane ne. A Bunkure wani furodusan ya kira, yana son sa ranar Asabar ya fito a hakimi. Ya ce a mayar Lahadi, Asabar akwai taron iyayen yara a makaranta, kuma shi ne ma'aji.