Barkwancin da na shigo da shi aji

Turawa suna da wani rukunin barkwanci wanda duk labaransa a kan mutum guda suke zagayawa: mace mai gashi ruwan zinare. A cikin waɗannan labarai kullum kyakkyawa ce, kullum kuma doluwa, ba ta iya ƙirga canji, ba ta gane magana sai an maimaita mata. An cika littattafai da su, an gina finafinai a kansu, yanzu kuma suna yawo a wayoyin mutane. Na daɗe ina ɗaukar su a matsayin wasan wasu mutane a wata ƙasa mai nisa, wanda ba shi da wanda zai taɓa a nan. Wannan zato ne ya sa na cuci wata yarinya da aka ba ni amanar karantar da ita.

A farkon shigata aikin koyarwa, Turanci nake koyarwa a ƙaramar sakandare, a wata makarantar jeka-ka-dawo a Zariya. Yara sun ƙosa da littafin karatu, sai na yi dabara. Na sayi wani tsohon littafin barkwanci a hannun masu baza littattafai a bakin titi, duk ranar Juma'a in rubuta labari ɗaya a allo, a karanta, a fassara, a tsinci sababbin kalmomi, a yi dariya a tashi. Dabarar ta karɓu, har waɗanda ba sa buɗe baki suka fara ɗaga hannu. Babin da ya fi tsawo a littafin shi ne na matan nan masu gashin zinare, shi ne kuma Turancinsa ya fi sauƙi, don haka a nan na fi ɗiba. Da yara suka tambaye ni dalilin da ya sa kullum ita ce sakarya, da bakina na ce musu Turawa sun ce mace mai irin wannan gashi ba ta da kai. Ban ƙara da cewa ƙarya ce ba, domin ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba.

A ajin akwai wata yarinya zabiya. Girarta da gashin idonta ruwan ɗorawa ne, 'yan'uwanta mata kuma sun san launin gashin da ke ƙarƙashin hijabinta. Kullum tana can lungun baya, nesa da taga. Littafinta cike yake da kurakuran kwafe: ta tsallake layi, ta haɗa kalma biyu, ta bar rabin jimla. Idan na ce ta karanta abin da ke allo sai ta yi shiru, idanunta suna rawa, ta faɗi kalma ɗaya ta tsaya. Tun kafin in kawo littafin barkwancin na riga na yanke mata hukunci a zuciyata cewa ba ta ja. Ba a jima ba yara suka ɗauki kalmar Turancin da ake kiran matar labaran da ita, suka laƙaba mata. Da zarar ta yi tuntuɓe a karatu sai wani ya faɗe ta ƙasa-ƙasa, aji ya kwashe da dariya. Ina ji. Abin da kawai nake cewa shi ne a yi shiru, irin tsawar da ake yi wa surutu, ba irin wadda ake yi wa zalunci ba. A ƙarshen zango na rubuta a takardar sakamakonta cewa tana da jinkirin fahimta.

Malamar lissafi ce, wata dattijuwa da ta kusa ritaya, ta tare ni a ofishin malamai da takardar a hannunta. Ta ce, "Malam, ka taɓa sa yarinyar nan ta karanta maka daga littafi a hannunta, ba daga allo ba? Ni a lissafin ka babu mai riga ta amsa." Washegari na kira yarinyar na miƙa mata littafi. Ta kai shi dab da hancinta, ta ɗan karkatar da kai, ta karanta shafi guda ba gargada, ta kuma gaya mini abin da ya ƙunsa da Hausa tsaf. Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini ba kya ganin allo?" Ta ce, "Malam, na faɗa a firamare, aka ce lalaci ne."

Abin da ban sani ba a lokacin, kuma ya kamata duk mai riƙe da alli ya sani, shi ne zabiyanci ba a fata da gashi ya tsaya ba. Sinadarin melanin da ke ba fata da gashi launi yana da aiki wajen ginin ido tun jariri yana ciki. Idan ya yi ƙaranci, tsakiyar fatar bayan ido, wurin da ke tantance ƙananan abubuwa kamar haruffa, ba ya gama ginuwa. Shi ya sa mafi yawan zabaya ba sa gani sosai daga nesa, idanunsu suna yin rawar da ba su da iko a kanta, haske kuma yana damunsu. Tabarau yana taimakawa amma ba ya mayar da ganin daidai. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya shafi basira. Lungun da na ɗauka maɓoyar raggo ne, gudun hasken taga ne ya kai ta can, can ɗin kuma shi ne wuri mafi nisa da allo.

Kunyar abin ce ta sa na bi sawun barkwancin don in ga inda ya samo asali. Masu bin tarihinsa sukan fara da Rosalie Duthé, wata Bafaranshiya da ta yi suna a birnin Paris saboda kyau da gashin zinare. Tana da ɗabi'ar yin dogon shiru kafin ta yi magana, sai a 1775 aka yi wani wasan kwaikwayo aka mayar da shirun nan abin dariya, aka fassara shi da rashin abin faɗa. Wannan ya tsaya mini a rai, domin ni ma shiru na gani na fassara shi da daƙiƙanci. A 1925 marubuciya Anita Loos ta Amurka ta fitar da littafinta Gentlemen Prefer Blondes, wanda tauraruwarsa, Lorelei Lee, take nuna kamar ba ta san komai ba alhali ta fi mazan da ke kewaye da ita wayo. Da masu fim na Holiwud suka karɓi wannan siffa, sai suka ga wautar ta fi wayon kawo kuɗi.

Babu wadda aka ɗora wa wannan kaya kamar Marilyn Monroe, wadda ta fito a fim ɗin littafin a 1953. Gashinta na asali ma ruwan ƙasa ne, rina shi aka yi tun tana tallan kaya. Muryar nan ta yarinta da zare idon mamaki duk aiki ne da ta koya ta ƙware a kai. Ta gaji da ba ta matsayin doluwa, ta juya wa kamfanin 20th Century Fox baya, ta koma New York tana ƙaro ilimin wasan kwaikwayo a wurin Lee Strasberg, ta kafa kamfanin shirya fim nata na kanta wanda aka sanar a farkon 1955, lokacin da mata ƙalilan ne suka taɓa yin haka. Kafin shekarar ta ƙare sai da kamfanin Fox ya sauko ya ba ta sabuwar yarjejeniya mai ba ta ikon amincewa da daraktan da za ta yi aiki da shi. Da aka yi gwanjon kayanta a 1999, an samu littattafai fiye da 400. Ita kuwa Judy Holliday, wadda ta ci kyautar Oscar da matsayin doluwa a fim ɗin Born Yesterday na 1950, da wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya kira ta a 1952 bisa zargin alaƙa da 'yan gurguzu, wautar fim ɗin ta ara ta yafa, ta fita ba tare da ta jefa kowa cikin masifa ba. Matan da aka kafa hujja da su a kan daƙiƙanci, da basira suka gina siffar.

An ma gwada maganar da alƙaluma. A 2016 Jay Zagorsky na Jami'ar Jihar Ohio ya duba bayanan dubban matasan Amurka da suka yi wata jarrabawar auna basira a 1980, ya kasa su bisa launin gashinsu na asali. A cikin mata farar fata, matsakaicin makin masu gashin zinare 103.2 ne, masu ruwan ƙasa 102.7, masu jan gashi 101.2, masu baƙi 100.5. Shi da kansa ya ce tazarar ba ta kai a ce wasu sun fi wasu ba. A 2014 kuma masana a Jami'ar Stanford ƙarƙashin David Kingsley sun nuna cewa sauyin harafi ɗaya tak a ƙwayar gado, kusa da wadda ake kira KITLG, yana cikin abin da ke sa gashin mutanen arewacin Turai ya yi haske, kuma aikin sauyin a tushen gashi ya tsaya, bai kai ga ƙwaƙwalwa ba. A tsibiran Solomon da ke tekun Fasifik akwai baƙaƙen mutane masu gashin zinare, ta wata ƙwayar gado dabam, ba tare da jinin Bature ba. Abin da ya fi girgiza ni shi ne a Jamus ta zamanin 'yan Nazi, wannan launin gashi ɗin dai shi aka ɗaukaka a matsayin alamar jinsin da ya fi kowa, aka hallaka miliyoyin mutane da sunan wannan aƙida. Launi ɗaya, a wani wuri an ce shaidar fifiko ne, a wani wuri shaidar wauta. Kuma barkwancin kusan kullum mace yake nema. Namiji mai gashin zinare ba kasafai ake taɓa shi ba.

Uzurin da na riƙa ba kaina da farko shi ne ai mu ma muna da wasa irin wannan, tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko taubasai a cikin dangi. Amma wasan taubasantaka yana da ƙa'ida: kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kowa ya san haƙƙinsa, kuma zumunci ne ke ƙarƙashinsa. Yarinyar nan ita kaɗai ce a ajin, ba ta da wanda za ta rama a kansa, kuma malaminta ne ya kawo makamin ya raba wa yara. Na haddace aya ta 11 ta Suratul Hujurat tun ina ƙarami, wadda ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, amma ban gane ta ba a lokacin da abin yake faruwa a gabana duk mako.

Na daina kawo littafin. Na tsaya a gaban ajin na ce musu abin da na faɗa a kan matan Turawa ƙarya ne, ni ne na yi kuskuren kawo shi, kuma duk wanda ya sake kiran 'yar'uwarsu da wannan suna da ni zai yi. Na nemi afuwarta a gabansu, tunda a gabansu aka wulaƙanta ta. Muka dawo da ita layin gaba a gefen da babu taga, na koyi ƙara girman rubutuna da faɗin duk abin da nake rubutawa da ƙarfi, ina kuma ba ta darasin a takarda da manyan haruffa. Sauran malamai suka bi, bisa matsin malamar lissafi.

Zuwa gidansu ne ya fi yi mini nauyi. Mahaifinta ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, na yi masa bayani. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, ai da takardarka na kafa hujja. Na riga na gaya wa uwarta ƙarshen shekarar nan za ta zauna a gida, tunda malamai sun ce kan ba ya ɗauka." Na ce, "Baba, laifin nawa ne, ba nata ba. Ka yi mini alfarma ka bar ta." Ya bar ta, ya kuma kai ta asibitin ido a Kaduna, aka ba ta tabarau da madubin ƙara girman rubutu. Na je wurin shugaban makaranta na nemi a soke abin da na rubuta, aka sake mata takarda.

Sunan kuwa ya fi ƙarfina. Magana zarar bunu ce. A ajina ya mutu, amma ya riga ya tsallaka zuwa wasu azuzuwan. A shekarar da za ta gama, na ji wani yaro ɗan aji ɗaya yana kiran ta da shi a bakin famfo, yaron da bai taɓa zama a darasina ba, bai ma san ma'anar kalmar ba. Na kira shi ofis na zaunar da shi, na ba shi labarin daga farko, na gaya masa ni ne na shigo da sunan makarantar, sannan muka tafi tare ya ba ta haƙuri.